Yanda zaka kwantar da hankalin mutanen gida idan kana hawa duwatsu da keke cikin dare

Ranar da na fara faɗa wa Hajiya mahaifiyata cewa zan fita da keke bayan isha'i zuwa gindin duwatsun Shere da ke gefen Jos bata ce min komai ba, kallona kawai tayi daga sama har ƙasa sannan ta juya wajen matata tace "wai lafiyarsa ƙalau kuwa kwana biyun nan?" Matar kuma da nake tunanin zata goya min baya sai cewa tayi ai Hajiya gara da kika gani da idonki. Shekara huɗu kenan yanzu, har yau ina fita sau ɗaya ko biyu a sati idan gari lafiya, kuma yanzu Hajiya da kanta ke tambayata ko na saka fitila a caji. Tsakanin wancan kallon da wannan tambayar an sha fama, nayi kurakurai da yawa wanda da wani ya gaya min tun farko da ban yi su ba, shi yasa nake rubuta wannan saboda duk wanda wannan ciwon na keke ya kama shi kuma aiki baya barinsa ya fita sai rana ta faɗi.

Abu na farko, ka daina cewa "babu komai". Wallahi wannan kalmar ita ce tafi ɓata min lamari. Akwai komai mana, mutum ne akan ƙarfe mai taya biyu yana gangarowa daga kan dutse cikin duhu, kai ka sani su ma sun sani, to idan ka buɗe baki kace babu komai abun da suke ji shine yaron nan bai ma san haɗarin da yake ciki ba, tsoron sai ya ninku. Ranar da na canza baki nace "Hajiya gaskiyarki, akwai haɗari, ga abun da nake tsoro ni ma kuma ga abun da nake yi akai" ranar ce ta fara zama ta saurare ni har ƙarshe ba tare da ta tashi ta shiga ɗaki ba.

Na biyu, ka gano wane tsoro ne yake cin kowa, saboda ba iri ɗaya bane. Ni na ɓata wajen wata biyu ina yiwa Hajiya bayanin hular kwano da birki, ashe ita ko faɗuwa bata kawo a ranta ba, tace ai tun ina yaro nake faɗuwa da keke. Abun da ke damunta mutane ne, da kuma waɗanda ba mutane ba. Matata kuma nata kashi biyu ne, na fili da na ɓoye, zan zo kansa. Baba shi mutunci yake dubawa, magidanci da 'ya'ya uku yana yawo da matsattsen wando cikin dare kamar wanda aka koro. Idan baka tambaya ba zaka yi ta zuba magani a ƙafar da ba ita ke ciwo ba. Ka zauna lokacin da hankali ke kwance, ba lokacin da ka riga ka saka takalmi kana riƙe da keke a zaure ba, kace Mama dan Allah meye ainihin abun da kike gudu, sai kayi shiru. Shirun nan yana da wuya amma kayi.

Maganar mutane

Duk wanda ya zauna a Jos ya san ba daga sama iyayenmu suka ɗauko wannan tsoron ba. Sun ga 2001, sun ga 2008, sun ga 2010, an sha dokar hana fita har ta awa 24 kamar wadda aka saka a watan Agusta na 2021, ga kuma maganar masu garkuwa da mutane da ta zama ruwan dare a ƙasar nan. Uwar da ta taɓa kwana tana kiran wayar ɗanta bata shiga ba zaka zo ka gaya mata lumen nawa, wato ƙarfin haske, fitilarka take dashi? Anan babu dabarar baki, sai dai ka canza yanda kake fitar da gaske.

Kada ka fita kai kaɗai, wannan ba na sasantawa bane. Mu mafi ƙaranci mutum uku, saboda idan ɗaya ya faɗi ɗaya ya zauna dashi ɗaya ya tafi neman taimako ko neman inda sabis yake. Kuma ba wai ka ce "ni da abokaina" ba, kawo su gida. Su zo da rana su durƙusa su gaida Hajiya, ta ga fuskarsu ta tambayi ɗan gidan waye, su ci tuwo. A cikin waɗanda muke fita dasu akwai wani malamin asibiti da wani dattijo da yayi ritaya daga aikin gwamnati, ya kusa sittin amma a hawa sai dai mu bi bayansa muna haki, to tunda Hajiya ta ga wannan bawan Allah da furfurarsa rabin maganar ta mutu, tace ashe abun ba na 'yan iska bane. Ka bata lambar biyu daga cikinsu, ka ba matarka lambar matansu idan sun yarda, su ma ai suna can suna nasu zullumin kuma idan suka haɗu suna zagin kekenmu tare hankalinsu yafi kwanciya.

Sannan hanyar da zaka bi da dare dole ta zama wadda ka bi da rana har ka haddace ta, sau goma ko fiye, kuma mutanen wajen sun san ka. Kafin mu fara bin wani layi da dare sai da muka je da rana muka gaida mai unguwar ƙauyen da ke kusa, muka nemi shugaban 'yan sintiri muka karɓi lambarsa, duk ranar da zamu fito sai mun kira shi tun la'asar. Ka yi tunani, mutum yana gadin gonarsa ko shanunsa sai ya hango fitilu uku masu hasken tsiya suna gangarowa daga dutse babu ƙarar inji, me kake so ya ɗauka? Ai kafin ka buɗe baki kace keke ne an gama da kai. Haka idan akwai shingen sojoji ko 'yan sanda a hanyarka, rage gudu tun daga nesa, kashe fitilar kan hula ka dusar da ta gaban keke, sauka idan an ce ka sauka, katin shaida yana aljihun da hannu zai kai da sauri. Duk wannan ka faɗa wa mutanen gida kana yinsa, dalla dalla. Baba da yaji cewa mai unguwar can ya san da zuwanmu sai ya gyara zama yace to yanzu ka fara magana irin ta manya.

Kuma ka basu ikon hanawa a wannan ɓangaren. Na gaya wa Hajiya duk ranar da taji wani ƙishin ƙishin a gari, ko a rediyo ko a bakin maƙota, tace kar na fita, ba zan fita ba kuma ba zan tambayi hujja ba. Ta yi amfani da wannan damar sosai a watannin farko, wani lokacin ma na san babu abun da ya faru gwada ni kawai take, na haƙura na jingine keke na zauna muka yi hira. Da ta tabbatar maganarta tana aiki sai ta daina kashe ta a banza. Lokacin zaɓe, lokacin da aka samu tashin hankali ko a wata ƙaramar hukuma ce, ni da kaina nake ajiye fitar dare na koma ta bayan asuba. Kuma in faɗa maka gaskiya akwai garuruwa da dazukan da amsar kawai itace kar ka fita, babu wani salon magana da zai gyara, idan kana irin wannan wajen mutanen gidanka sun fi ka gaskiya.

Waɗanda ba mutane ba

Kar ka yi dariya idan kaka ko mahaifiya tace duwatsu da dare akwai masu wajen. Na taɓa yin murmushi kawai, murmushi fa, sai da aka yi sati ana amsa min gaisuwa da hanci. Maganar kiyaye yara daga fita daidai faɗuwar rana tana da asali a hadisi, ba camfi bane kawai da za ka ture da ƙafa. Abun da nayi shine na daina fita da magariba kwata kwata, sai nayi isha'i a jam'i, in tsaya a ƙofar ɗakinta in karanta addu'ar fita daga gida yanda zata ji, in ce Hajiya a saka mu a addu'a, tace Allah ya tsare ya dawo da ku lafiya. Wannan minti ɗayan yafi duk wata na'ura da na saya aiki a zuciyarta. Ni ma kuma ba zan ɓoye ba ina jin daɗin tafiya da shi.

Ka nuna, kar ka yi ta bayani

Masu tsoron faɗuwa kuwa, kamar ƙanwata da matata, su ido ne ke gamsar dasu. Wata rana da aka ɗauke wuta na fito da keken tsakar gida na kunna fitilar gaba, duk gidan ya haske har kaji suka fara motsi a akurki, ƙanwata tace kai wannan ai ta fi ta mota. A tunaninsu da irin tocilar nan ta ɗari biyar nake tafiya ina lalube. To ka yi musu wannan, ka bar su su riƙe fitilar su haska bango.

Ga abun da ya kamata ka mallaka kafin ma ka fara roƙon kowa ya yarda da kai. Fitila biyu, ɗaya a kan hannun keke ɗaya a kan hular kwano. Ta hannun keken ta zama mai ƙarfi, lumen 1000 zuwa sama, mai baza haske, saboda tana ƙasa da idonka tana fitar da inuwar duwatsu da ramuka ka gane tudu da kwari. Ta kan hula ita ke bin inda ka kalla, a kwana tana haska maka inda zaka shiga tun kafin keken ya juya, amma ita kaɗai bata isa ba domin tana daf da ido sai ta shafe inuwa hanya ta zama kamar shimfiɗaɗɗiya alhali ba haka take ba. Lokacin hunturu kuma idan hazo yayi yawa ta kan hular tana dawo maka da hasken cikin ido saboda ƙura, sai ka rage ta. Dalili mafi girma na biyun dai shine idan ɗaya ta mutu kana tsakiyar gangara baka shiga duhu gaba ɗaya ba. Ƙara da jar fitila a baya saboda titin da zaka bi kafin ka kai daji, ni a ganina ma titin nan da masu mota da 'yan adaidaita yafi dutsen haɗari. Lumen ɗin da ake rubutawa a kwalin fitilun kasuwa kuma kar ka yarda dashi, ka cika ta da caji ka kunna a gida ka duba agogo ka ga awa nawa take yi kafin ta dusashe, tafiyarka kar ta wuce rabin wannan lokacin. A hawa ka rage haske tunda a hankali kake tafiya, a gangara ka buɗe shi duka.

Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, a Disamba da Janairu sanyin dare yana saukowa wajen digiri 10, kuma batir baya son sanyi, cajin da zai kai ka awa biyu a watan Maris ba lallai ya kai ka haka a Janairu ba. Waya ma haka. Saka ta a aljihun ciki kusa da jiki, ka ɗauki fawa bank da rigar sanyi mara nauyi ko da kana jin zafi lokacin fita, saboda idan taya ta fashe ka tsaya faci da gumi a jikinka minti goma ya isa haƙoranka su fara haɗuwa.

Akwai wani lissafi da nayi wa matata da ya shige ta fiye da yanda na zata. Nace idan ina gudun kilomita 20 a awa, duk daƙiƙa ɗaya ina cin mita biyar da rabi, wato kafin ƙwaƙwalwata ta ga rami ta aika wa yatsa ya matse birki na riga na wuce tsawon falonmu. Shi yasa da dare bana gudun da ya wuce inda haskena ya tsaya, bana tsalle, bana gwada sabon abu, wajen da nake bi a guje da rana da dare a hankali nake binsa wani gurin ma sauka nake in tura. Tace to meye daɗin? Nace iskar, da shirun, da fitilun gari idan ka hango su daga sama. Tace Allah ya shirya. Amma ta gane cewa tafiyar dare ta fi ta rana sanyi wajen ganganci, kuma gaskiya ne, duk manyan faɗuwar da nayi da rana nayi su lokacin da nake jin kaina.

Ka gaya musu kuma abubuwan da ka haramta wa kanka, da bakinka. Ni bana kusantar kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, wanda duk ɗan Jos ya san zurfinsu da rayukan da suka ci, haka wuraren da ake haƙar ma'adinai na hannu da ramukansu masu kama da rijiya wanda jiya babu yau akwai. Idan anyi ruwa bana fita domin jiƙaƙƙen dutse santsi ne dashi kamar sabulu, idan hadari ya haɗu ana walƙiya kuwa saman dutse shine wajen ƙarshe da mai hankali zai tsaya. Damina kusan hutu nake. Dararen da nafi so sune na farin wata, 13 da 14 da 15 ga watan Musulunci, Hajiya ma tafi sakin rai a waɗannan kwanakin tace aƙalla gari da haske.

Maciji zasu tambaye ka, tabbas. Kububuwa da kasa da dare suke harkarsu musamman lokacin zafi da farkon damina, kuma akan keke ba kasafai ake samun matsala ba, matsalar tana zuwa ne idan ka sauka ka zauna kan dutse ko ka cusa hannu cikin ciyawa neman abun da ya faɗi. Takalmi rufaffe, safa doguwa, haska waje kafin ka taka ko ka zauna. Kuma ka san abun yi har ka iya faɗa musu ba tare da inda inda ba, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wajen tamau, a cire zobe ko agogo, mutum ya rage motsi a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji da gaggawa. Mu ɓangaren Lamingo muke yawan bi kuma asibitin koyarwa na JUTH yana nan kusa, wannan kaɗai da na faɗa wa matata sai naga kafaɗarta ta sauka. Karnukan ƙauye ma suna nan, kar ka yi tsere dasu a duhu, sauka ka saka keken tsakaninku.

Lokaci, wanda shine gaba ɗayan maganar

Idan zaka manta duk abun da na rubuta kar ka manta wannan. Ka faɗi lokaci biyu kafin ka fita. Na farko lokacin da kake sa ran dawowa, na biyu lokacin da idan ya wuce basu ji ka ba su fara kiran mutane. Ni nakan ce zan dawo tara da rabi, idan goma da kwata tayi baki ji ni ba kira wane, idan bai ɗauka ba kira wane, ga sunan hanyar da muka bi na rubuta a takarda na manna a jikin firij. Amfanin lokaci na biyun shine yana hana su fara mutuwa tun tara da minti talatin da ɗaya, kuma yana basu abun yi maimakon zaman jiran tsammani. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce ku saka ta a waya, amma a gaskiya wanda zai fara isowa gare ka ɗan uwanka ne mai mota ko mashin da ya san wajen, to ka kai shi da rana ya ga inda kuke shiga da inda kuke fita.

WhatsApp yana da wajen tura lokeshan mai tafiya da kai, zaka zaɓi minti 15 ko awa 1 ko awa 8, zaɓi awa 8 kar ya yanke kana hanya. Masu amfani da Strava, manhajar 'yan keke da masu gudu, akwai Beacon a cikinta da yake tura lokeshan ɗinka ga mutum har uku. Amma dan Allah kafin ka kunna wa matarka wannan abun ka zaunar da ita ka gaya mata cewa akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa tsakanin duwatsu, ɗigon da ke nuna inda kake a taswira zai tsaya cak kamar ka faɗi alhali kana tafiya. Ban yi wannan bayanin ba a karon farko, ɗigona ya tsaya minti ashirin a wani kwari, na fito na tarar da kira goma sha ɗaya da saƙon murya tana kuka. Washegari na buɗe taswirar na nuna mata wuraren da yake ɗaukewa guda biyu, yanzu idan ya tsaya a nan ta san dalili. Wasu kuma kallon ɗigon ƙara musu ciwo yake, Hajiya ko nuna mata bana yi, ita saƙo biyu ya ishe ta, "mun juyo" da sallamata a ƙofa.

Saura tsoron ɓoye na uwargida. Namiji ya wanke jiki ya fita bayan isha'i sau biyu a sati ya dawo yana murmushi, kai ma ka san me ƙawayenta zasu ce mata. Bata taɓa furtawa ba sai da wata rana cikin wasa tace a gaida min amaryar tawa ta kan dutse. Kar ka yi fushi kuma kar ka yi rantse rantse, yana ƙara zargi. Hoto daga sama da fuskokin abokan tafiya, lokeshan a buɗe, ka dawo da ƙura har cikin kunne, magana ta ƙare da kanta. Amma ka duba wani abun kuma, wata ƙila ba kishi bane, gajiya ce, ka bar ta da yara da aikin makaranta da wanka kai kana can kana shan iska. Na koma sai an gama da yara nake fita, kuma daren Juma'a nata ne ko wata ya kai girman faranti.

Ranar da ka faɗi, domin zaka faɗi, kar ka ɓoye. Na taɓa gurje gwiwa da gefen cinya na shigo ina tafiya a miƙe kamar soja na saka dogon wando na kwanta, da safe zanin gado ya tona min asiri, kuma faɗan da aka yi ba akan ciwon bane akan me kuma kake ɓoye mana. Faɗi yanda ya faru da abun da zaka canza. Idan kai ne ya bugu ko da hula, kana amai ko jiri ko ka kasa tuna yanda akayi, asibiti a daren ba sai gobe ba, hular kuma ta gama aikinta a sayi wata ko da ba ka ga tsagewa a jikinta ba. Allurar tetanus ma ka tabbatar taka bata tsufa ba.

Nawa babban laifin a shekara ta biyu nayi shi, lokacin har an saba an daina tsayawa a ƙofa ana jirana. Muka ce bari mu ƙara wani ɗan zagaye tunda wata yayi kyau, sarƙar ɗaya daga cikinmu ta tsinke a wajen da babu sabis, wayata kuma sanyi ya cinye cajin saboda na bar fawa bank a gida ina ganin ai na ƙware. Na ce tara da rabi, sha ɗaya da minti ashirin na shigo layinmu ina tura keke. Na tarar da ƙannena biyu sun tada mashin, maƙocinmu ya fito da mota, Baba yana tsaye da carbi, Hajiya tana zaune akan tabarma a zaure cikin wannan sanyin ko mayafin kirki babu. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da yafi sauƙi. Na durƙusa na bada haƙuri, ban kawo maganar sarƙa ba sai da aka tambaya, kuma ni da bakina nace na ajiye fitar dare sai ranar da Hajiya tace. Wata uku keken yana fita da safe kawai. Wani dare ana saura kwana biyu wata ya cika ina zaune ina shafa wa sarƙa mai a tsakar gida, ta fito zata yi alwala ta tsaya ta kalle ni tace "wannan dattijon abokin naku yana nan kuwa?" nace yana nan Hajiya. Tace to ka gaya masa jibi ya biyo ta nan ya ɗauke ka, kuma tara da rabi ina nufin tara da rabi.